Furfurar Gidan Dattijo

SHAFI NA 27

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika ce Mai Kitso muguwar uwa ce, karanta wannan tukuna, sai ki dawo mu yi magana.

*

Nas ce ta kawo saƙon, ko shigowa ba ta yi ba, daga bakin ƙofa ta tsaya.

"A tsefe wa 'yarki kai yau a wanke. Kada a shafa mai, kada a sake kitsawa. Gobe da safe za a shiga da ita."

Mai Kitso ta ce, "To."

Tun da aka kwantar da mijinta a asibiti, "to" ce ta zama duk maganarta. A ce ta zauna, to. A ce ta tashi, to. Matar da a shagonta sai masu jiran layi sun roƙe ta ta bar su su sa baki, yanzu sai ta wuni ba ta haɗa kalma biyar ba. Kuka ma ya daina zuwa. Tana ci idan an miƙo, tana kwanciya idan an ce ta kwanta, amma ta kasa jin komai, kamar an yi mata allurar kashe zafi a ƙirji an manta ba a gaya wa allurar lokacin da za ta sake ta ba.

Dattijo, mijin nata, yana can hawa na sama, robar iska a fuska, huhunsa ya ƙandare. Gobe za a yanki ɓangare ɗaya daga huhun Kawu, ƙanin Mai Kitso, a yanki ɗaya daga na 'yarsu Auta, a dasa masa. Sai an samu mutum biyu aikin yake yiwuwa. Ita Mai Kitso jininta bai zo ɗaya da nasa ba, tun farko aka cire ta.

Auta tana zaune a bakin gado cikin rigar asibiti, tana karkaɗa ƙafa kamar wadda za a kai yawo.

"Umma, kin ga dole ta sa za ki taɓa kaina yau. Kin yi ta guduna kamar na ci bashinki."

"Sauko ƙasa."

Ta jawo matashi ta jefa a ƙasa. Auta ta zauna a kai, ta jingina bayanta tsakanin gwiwoyin uwarta, yadda take zama tun ba ta iya magana ba. Mai Kitso ta zaro kibiya da mataji daga jaka.

Ta riƙe su kamar kullum. Ita kanta ta yi mamaki.

Ba tsufa ne ya ba Dattijo sunansa ba. Tun yana saurayi kansa ya yi fari fat, abokai suka laƙaba masa, sunan ya bi shi. Duk gidansu haka suke, abin alfaharinsu ne ma. A taron dangi sai ka ga fararen kawuna jere, yara da manya, suna tsokanar surukai wai su ne gidan hankali. Babu wanda ya taɓa haɗa farin kan nan da tarin da ya tafi da mahaifiyarsa, ya dawo ya tafi da yayansa.

Sai ranar da Yaya, babban ɗansu, ya zo ya ce shi zai ba Abbansa huhu.

Likita, wata doguwar mace mai gilashi da ba ta iya kwana-kwana ba, ta ce ya cire hula. Ta kalli furfurar da ta cinye masa gefen kai, ta ajiye biro.

"Kai kam a'a."

"Likita, ƙwallo nake bugawa. Ko mura ba na yi."

"Na yarda. Zauna in gaya muku abin da ke cin mahaifinku."

Mai Kitso tana iya maimaita bayanin nan kalma bayan kalma, don tun ranar yake yawo a kanta.

"Huhu kullum cikin jin rauni yake. Ƙura, hayaƙi, mura, duk suna ƙuje shi. Amma a cikin 'yan jakunkunan da iska ke shiga akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu gyara ne. Wuri ya ƙuje, na kusa da shi su aika kira, masu gyaran su ji, su rabu biyu, su haifi sababbi su rufe wurin. Kira ya tsaya, shi ke nan."

"To na Abba fa?" in ji Auta.

"Na Abbanku sun tsufa kafin shi. Suna jin kiran, ba su da ƙarfin amsawa. Kiran kuma ba ya tsayawa tunda ba a yi gyaran ba. Sai wasu ƙwayoyin daban su amsa, waɗanda ba su iya komai ba sai ɗinke wuri da tabo. Tabo kan tabo, har huhu ya kasa buɗewa."

"Ina ruwan wannan da gashina?" in ji Yaya.

"Masu ba gashi launi ma irin wannan gajiyar ke kama su, su kuma a waje suke, ana gani. Furfurar wuri a mutane da yawa ba komai ba ce. Amma a gidan da ake wannan tarin, ni ba zan yanki huhun mai ita ba. Wata rana zai nemi kayansa."

Yaya ya mayar da hularsa a hankali. Kafin kowa ya yi magana Auta ta zame ɗankwalinta.

"Ni duba nawa. Kan Umma na ɗauko a launi, na Abba a tsawo."

Baƙi wuluk, yana sheƙi.

An auna jininta don neman alamar ciwon, sakamako ya fito a kan iyaka, bai ce e ba bai ce a'a ba. Hoton huhu fes. Likita ta juyo ta kalli Mai Kitso ta saman gilashi.

"Ke ce uwa, ke ce kuma mai yi mata kitso. Kin taɓa ganin fari a kanta? Ko ɗaya?"

Mai Kitso ta kalli mijinta da ke jan numfashi kamar mai hawa tudu da kaya.

Ta girgiza kai.

Auta tana 'yar makaranta farin ya fito mata, wani fili a tsakiyar ƙeya, inda mutum ba ya ganin kansa. Mai Kitso ta ga yadda ake tsokanar Yaya, ta ce tata 'yar mace ba za a mayar da ita abin dariya ba. Duk ranar wankin kai sai ta dama rini kaɗan a murfin kwalba, ta shafa a wurin, ta ce maganin amosani ne. Shekara da shekaru. Aikin hannunta ne Likita ta duba ranar nan ta yaba.

Tun daga ranar ba ta sake taɓa kan Auta ba. Yau hannu na ciwo, gobe ana nemanta a sama. Lissafinta mai sauƙi ne. Gashi ba ya tsayawa. Idan ta bar shi, saiwar za ta fito fara, wata nas ko Likita ta gani da idonta, magana ta ƙare ba tare da ita ta buɗe baki ta yanke wa mijinta numfashi ba.

Ga shi yau an ce a tsefe.

Ta fara daga goshi. Kitson ba nata ba ne, wani jagwalgwalo ne, tsaga a karkace, wani ƙato wani siriri.

"Wa ya yi miki wannan ɓarnar?"

"Wata ƙawata. Kin ƙi ni, ya zan yi?"

"Ko akuya aka ba kibiya za ta fi haka."

Auta ta yi dariya. Ita ba ta yi ba. Famfon banɗaki yana ɗiga, wani yana tura keken magani a baranda, ƙafarsa ɗaya tana ƙara. Duk tana ji, tana tsefewa, layi bayan layi, har ta iso tsakiyar ƙeya.

Ta sa kibiya ta buɗe wurin.

Baƙi.

Ta sake tsagawa gefe. Baƙi har fata.

Ta tsaya. Ta karkato kan yarinyar wajen taga don haske. Fatar wurin ta yi duhu-duhu, dabbare-dabbare, irin na wanda ya zuba rini da yawa bai goge gefe ba. Ta kai hancinta. Warin nan da ta sani kamar sunanta, sabo, bai fi 'yan kwanaki ba.

"Umma, wuyana."

"Ba ni hannunki."

"Me za ki yi da..."

"Ba ni."

Ta kamo hannun ta juya shi. A ƙarƙashin farce biyu, can ciki inda sabulu ba ya kaiwa, akwai baƙin layi.

Auta ta janye hannunta a hankali ta sa a cinya. Ba ta juyo ba.

"Ci gaba da tsifar, Umma. Ruwan wankin zai huce."

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ki mayar da ni sakarai."

Auta ta ja numfashi.

"Tun ina makaranta. Madubi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A shagonki na koya, haka kike nuna wa mata ƙeyarsu."

"Ba ki taɓa cewa komai ba."

"Ke ma ba ki taɓa ba. Maganin amosani mai warin rini, Umma? Na bar ki ne kawai. Na ga kina jin daɗin abinki."

Mai Kitso ta nemi abin da ya kamata ta ji, kunya ko tsoro ko fushi. Ta laluba ko'ina a cikinta, wayam. Sai kibiyar da ke hannunta take ta kallo.

"Kin ji abin da Likita ta gaya wa yayanki."

"Na ji. Ta ce alama ce, ba ta ce hujja ba."

"Kin cire ɗankwali a gabanta kina sane."

"Ke kuma ta tambaye ki kin girgiza kai kina sane. Mu biyu muka yi."

Wannan ta shiga. Ba zafi ta ji ba, nauyi ne ya sauko mata a kafaɗa.

Auta ta juyo gaba ɗaya, ta durƙusa, rabin kai a tsefe rabi a kitse, ta ɗora hannu a gwiwar uwarta.

"Na san abin da ya sa kika daina min kitso. Kin so gashin ya tona ni. Kin so ya faɗa a madadinki."

"Auta..."

"Ban ji haushi ba. Amma ni ma ina da hannu, kuma na san inda ake sayar da rini."

"Kakarki da tari ta tafi."

"Na sani."

"Baffanki da tari. Ina wurin. Bakinsa a buɗe kamar kifin da aka jefo tudu."

"To idan yana jikina, zai zo ko na bayar ko ban bayar ba. Gara in bayar tun yana da amfani."

"Idan ya zo ya tarar da rabi fa?"

"Ba rabi ba ne, ɓangare ɗaya ne."

"Kada ki yi min lissafi. Idan naki ma mai gajiyar ne, me kika ba shi? Kin yanki kanki a banza."

"Ko shekara ɗaya ya samu, shekara ce. Umma, jiya da na hau sama ya kasa gama kiran sunana. Ya fara, iska ta ƙare. Sai ya ɗaga min yatsa."

Ta matse gwiwar uwarta, ta ci gaba.

"Kina da wani huhun a jaka? Kawu shi kaɗai bai isa ba. An cire Yaya, an cire ki. Dangin Abba duk kansu fari. Likita ta ce ba zai kai a jira na wani ba. Idan kika yi magana, gobe babu tiyata. Kin san abin da ke bayan wannan."

Ta sani.

Dattijo, mutumin da ya yi shekaru yana zuwa shagonta da yamma ya zauna a bencin waje, yana gaya wa masu jiran layi wai su yi hattara, mai kitson da nata gashin bai kai tsawon yatsa ba ita za ta gyara na wani? Mata su yi ta dariya, ita ta jefe shi da mataji. Gaskiya ya faɗa, gashinta bai taɓa tsawo ba, duk man duniya ta gwada. Yakan ce Allah ya raba musu daidai, shi launi aka hana shi, ita tsawo.

"Ki yi min alkawari," in ji Auta.

Mai Kitso ta juya kibiyar a hannunta.

"Umma. Ba ce miki na yi ki yi ƙarya ba. Kin riga kin yi. Shiru kawai za ki ci gaba da yi, kin ma saba kwanan nan."

"Juya in ƙarasa."

"Ki ce to."

Kalmar da ta wuni tana rabawa kowa kyauta, yau ta maƙale. Ta kama kan yarinyar da hannu biyu ta juya shi, ta ci gaba da tsifa.

Can ƙasan ƙeya, daf da wuya, ta tarar da inda hannun Auta bai kai ba. Wuri ɗan ƙarami, faɗin babban yatsa. Wanda ke rina kansa da kansa kullum nan yake bari. Gashin baƙi ne tun daga baki, amma gindinsa, kamar tsawon gaɓar yatsa, fari tas.

Ta sa mataji ta taje kan duka, daga goshi har wuya. Matajin ya cika da gashin da ya zube, ta ajiye shi a kan shuɗin bargon gado ta tashi ɗauko ruwa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Likita ce, ita kaɗai, hannu a aljihun farar riga.

"Jarumarmu. An ce ana gyaran kai. Kai, wannan gashi, Allah ya ba ki."

"Na gode, Likita." Auta ta yi maza ta tattara gashin ta saukar da shi ya rufe wuya.

"Na zo in gan ki ne kafin gobe. Na saba, duk wanda zai bayar sai na sake tambayarsa a ranar ƙarshe. Kina iya fasawa yanzu, babu wanda zai ji dalili daga bakina. Zan ce gwaji ne bai yi ba."

"Ba zan fasa ba."

"Babu tari? Babu haki idan kin hau bene?"

"Ko kaɗan."

"Babu wani abu da ya kamata in sani?"

"Babu."

"Umma fa?"

Mai Kitso tana tsaye a ƙofar banɗaki da robar ruwa a hannu. Idon Auta yana kanta, bai ƙifta ba.

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ruwan robar kawai take kallo.

Likita ta ɗauka gajiya ce. Ta matso za ta zauna a bakin gado, ta sa hannu ta ɗauke matajin don ta samu wuri.

Ta kusa ajiye shi a kan durowa. Sai ta dakata.

Ta gyara gilashi. Ta kai matajin wajen taga. Da yatsa biyu ta zaro gashi ɗaya, ta ja, ta ja, dogo har ya kusa kai tsawon hannunta. Ta riƙe shi a haske. Baƙi, baƙi, baƙi, sai can ƙarshe fari.

Ta zaro na biyu. Haka.

"Wannan na waye?"

"Na Umma ne," in ji Auta, ko numfashi ba ta ja ba. "Matajinta ne. Ita ke rini, ba ta so a sani."

Har da 'yar dariya ta haɗa.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta juyo.

"Umma, naki ne?"

Famfo yana ɗiga. Keken nan mai ƙara ya sake wucewa a baranda. Mai Kitso ta ji kamar daga wani ɗaki ake tambayar, kuma wata matar ake tambaya. Ta ga mijinta a bencin shago yana dariya. Ta ga bakin yayansa a buɗe. Ta ga Auta da furfura har goshi, zaune a bakin gado, tana fara kiran sunan ɗanta iska tana ƙarewa.

Ta sunkuya ta ajiye robar a ƙasa, a hankali don kada ruwan ya zube. Ta miƙe. Ta kai hannu ta kwance ɗankwalinta, ta zame shi.

Ɗan guntun gashinta, wanda bai taɓa kai tsawon yatsa ba.

Likita ta kalli kan. Ta kalli dogon gashin da ke hannunta. Ta kalli Auta.

"Juya min ƙeyarki."

Auta ba ta motsa ba. Ba Likita take kallo ba.

"Kin kashe shi, Umma."

A hankali ta faɗa, babu ihu, babu kuka.

Mai Kitso ta tsaya da ɗankwali a hannu. Maganar ta shiga, ta nemi inda za ta zauna, ta samu. Abin da ya yi makonni a daskare a ƙirjinta ya fara motsi.

Sai ga ƙarar keke a bakin ƙofa, wannan karon ya tsaya. Aka turo ƙofar da ƙafa.

Nas ce, tana turo keken marasa lafiya, tukunyar iska a rataye a bayansa.

"Likita, ki yi haƙuri, ya hana kowa sakat. Wai sai ya sa wa 'yarsa albarka da hannunsa kafin gobe. Na ce minti kaɗan."

Dattijo ne a ciki, ya rame har rigar ta yi masa yawa, farin kansa yana ƙyalli. Ya kalli 'yarsa a durƙushe da kai a tsefe. Ya kalli matarsa tsaye babu ɗankwali. Idonsa ya yi wannan ƙyallin na tsokana, ya sa hannu ya janye robar iskar daga bakinsa.

"Mai Kitso... yau kuma... baje kolin gashi... ake yi?"

Babu wanda ya yi dariya.

Murmushin ya tsaya masa a rabi. Idonsa ya sauka a kan abin da Likita ke riƙe da shi a haske.

"Me... ya faru?"